Geron Baba Ilu a Lambun Sola

Har yau ban manta da safiyar da na tarar da gero ya tsiro a fulotin da aka ba mutum don ya shuka tumatir ba. Ƙarshen watan Fabrairu ne, sanyi ya fara sakin gari. Na kafe babur ɗina a bakin waya, na shiga zagayen da nake yi duk Litinin da Alhamis. Ina isa fuloti na ƙarshe, wanda ke jikin tanki, na tsaya cak. Sai da na durƙusa na duba da kyau, don kada in yi wa dattijo ƙazafi. Gero ne, layi-layi, an sara masa rami da sungumi kamar damina ta sauka. Ba zan ɓoye maku ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ku da kuka shigo aiki bayanmu, bari in fara gaya maku yadda wurin yake, don ku gane dalilin fushina. A lokacin ina malamin gona a mataki na takwas, sai aka ba da ni aro ga kwamitin da ke kula da lambun tashar sola da aka gina a bayan garin Batsari, ta hanyar Runka. Tashar ba ƙarama ba ce. Farantan sola sun shimfiɗu har iya ganinka, ga wasu manyan akwatunan ƙarfe irin kwantena da aka cika da batura. Su ne ke tara wutar rana, a ci gaba da amfani da ita bayan rana ta faɗi. Kafin gari ya ba da filin, an yi yarjejeniya cewa za a ware wuta ga asibiti, da famfunan ruwan sha, da makarantu, da masu injin niƙa, da ɗakin sanyi na ajiye kayan gwari. Sannan aka haƙa rijiyoyin burtsatse biyu, aka yanka fulotai na noman rani, aka ce a fara ba waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu.

Dokokin lambun uku ne, kuma ni aka ɗora wa tsaronsu. Kayan lambu kaɗai za a shuka, wato tumatir, albasa, attaruhu, alayyafo da makamantansu, saboda manufar ita ce mutum ya sami abin kai wa kasuwa. Wanda aka ba fuloti ya yi mako huɗu bai shuka ba, a karɓe a ba na bayansa a layi. Ruwa kuma bi da bi ake sakinsa, da asuba da kuma bayan la'asar. Wannan na ƙarshe shi ne daɗin batura, domin ba sai an jira rana ta take ba kafin famfo ya tashi. Shuka tana shan ruwanta cikin sanyi, ba ta ƙonewa.

Mai fulotin nan kuwa Baba Ilu ne, dattijo dogo, siriri, daga wani ƙauye gaba da Yasore. Damina uku ke nan da shi da matarsa Gwaggo Hajo suka baro garinsu, suka kama ɗaki ɗaya a cikin Batsari. Tun watan Nuwamba aka ba shi fulotin. Ya gyara shi, ya zuba taki, ya ja fangali, ya daidaita ƙasa har sai ka ji sha'awar ka kwanta a kai. Amma bai shuka ko ƙwaya ba. Kowa ya dasa, tumatir ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ana ta ɗiba, shi yana zuwa kullum ya zauna bakin fulotinsa yana tsince hakukuwa. Duk lokacin da na yi masa magana sai ya ce, “Lokaci bai yi ba, malamin gona.”

Sau uku ina rubuta “yana kan gyara” a gaban sunansa, don kunyar furfurarsa kawai. Waɗanda ke layi suna bi na har gida da ƙorafi, har wani ya ce wai ko surukina ne. To ku duba, bayan duk wannan rufin asirin, abin da zai saka mini da shi gero ne a tsakiyar rani.

Ina nan tsaye sai ga shi ya taho da kwanon ban ruwa. Na danne zuciyata muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi Gwaggo da ciwon ƙafarta. Sai da muka gama na nuna masa ƙasa.

“Baba, mene ne wannan?”

“Kai da ka yi karatun gona kake tambayata? Gero ne.”

“Na ga gero ne. Amma ai a gabanka aka karanta doka, ka kuma dangwala hannu.”

“Na dangwala,” in ji shi. “Mi za a yi mani yanzu?”

Na ce masa abin da doka ta ce: a tuge shukar, a karɓe fulotin. Ya daɗe yana kallon tsiron nan. Daga baya ya ajiye kwanon ya ce, “Kafin ka rubuta, zo mu je gida ka sha ruwa. In ka gani ka ce a tuge, da hannuna zan tuge.”

Na goya shi a babur muka shiga gari. Ɗakin nasu ƙarami ne, tabarma biyu da tukwane da wani tsohon akwati. Gwaggo Hajo ta kawo mini ruwa a moɗa, muka gaisa. Baba ya hau kan turmi, ya kwance wani ƙunshi da ke rataye a jikin azara, an naɗe shi da tsohon zane. Zangarkun gero ne, ba su wuce tara ba, dogaye, masu ruwan toka, irin da ban taɓa gani a littafi ko a gona ba.

“Ɗan Tudu muke ce masa,” in ji Baba. “Kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni. Duk garinmu shi muke shukawa. Ranar da muka fito, Hajo ta ɗauki tukunya da kayan sawa, ni kuwa na shiga rumbu na sauko da damin iri. Mun ji labarin an ƙone rumbunan bayanmu. Na bi mutanen garinmu ɗaya-ɗaya, na nan da na Safana da na Runka, babu wanda nasa ya rage. Wanda ya fito da shi ma yunwa ta sa ya daka.”

Gwaggo ta ce, “Mu ma mun kwana da yunwa a ɗakin nan, ɗan nan, ga shi a sama muna kallo. Sau biyu ina jawo turmi zan sauko da shi, sai in tuna furar da muke damawa a gida, in fasa. Furarsa tana kwana ba ta yi tsami ba.”

Duk da haka bakin malamin gona bai mutu ba. Na ce, “To Baba, ai da ka nemi aron gefen gona da damina ka shuka. Wa zai hana ka?”

Ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya kawo hadda ya ɓata. “An ba ni aro, har sau biyu, na ƙi. Gonakin bakin garin nan mi ke cikinsu? Ba irin nan gajere da ku malaman gona kuka raba ba? In nawa ya yi bununi, nasu ya yi bununi, iska ta kaɗa, mi zan girba? Bana ya yi kama da Ɗan Tudu, baɗi ya koma wani abu. A garinmu bai surka ba don kowa shi yake shukawa. Nan kuwa sai lokacin da babu wani gero tsaye a ƙasar nan sai nawa. Shekara uku ina neman ruwan rani, sai ga shi Allah ya kawo wutar nan.”

“To me ya sa ka yi wata uku ba ka shuka ba?”

“Gero ba ya son sanyi. Wannan ma sai na gaya maka?”

Wallahi kunya ta rufe ni. Abin nan da ya faɗa mun karanta shi a makarantar koyon aikin gona, raba iri da iri ta hanyar lokaci, har na ci jarrabawa a kai. Irin gajeren da yake gudu kuwa da hannuna na raba shi a gundumomi huɗu, ina ta yabon kaina. Ga dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya lissafa komai daidai, ni kuma na yi wata uku ina ɗaukarsa malalaci.

Na roƙe shi ƙwayoyi kaɗan na tafi da su. Ku sababbi ku riƙe wannan hanyar gwaji, ba ta buƙatar ɗakin bincike: ka jiƙa buhun algarara, ka jera ƙwayoyin a kai, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kwana biyar kana yayyafa ruwa. Da na buɗe nawa, waɗanda suka tsiro ba su kai sulusi ba. Irin ya fara mutuwa. In aka ƙara damina ɗaya, sai dai a rataye shi don kallo. Wato abin da ke cikin fulotin nan, da zangarku taran da ke jikin azara, su ne ƙarshen Ɗan Tudu a duniya, iya sanina.

Matsalar ba doka kaɗai ba ce. Tsarin lambun shi ne a rufe ruwa a tsakiyar Afrilu, lokacin da tumatir ya ƙare, a wanke tanki, a duba famfuna. Geron da aka shuka ƙarshen Fabrairu kuwa sai ƙarshen Mayu zai nuna. Don haka na tafi wurin Injiniya Murtala, wanda shi ne ke kula da rabon wutar tashar kuma yana cikin kwamitin lambu. Mutum ne mai tsare aiki, ba ya son dogon zance. Na same shi a ɗakin na'urori, na zayyana masa komai.

Ya ce, “Malam Kabiru, kai ne mai tsaron doka, kai ne kuma ka zo neman a karya ta?”

Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

Ya juyo da allon kwamfutarsa ya nuna mini. Ya ce da zafi ya shigo, kowane gida fanka, kowane shago firji, batura kan kai asuba a gajiye. Jerin kuma a rubuce yake: asibiti farko, sai ruwan sha, sai ɗakin sanyi, sai masu niƙa, lambu ne na ƙarshe. “Kana so in rage wa ɗakin haihuwa don gero?”

Na ce Allah ya kiyaye. Na ce gero ba tumatir ba ne, ba ya shan ruwa da yawa, kuma fuloti ɗaya ne tak. Ya buga biro a tebur. Sai ya tambaye ni wane irin gero ne. Na fito da zangarniya ɗaya da Baba ya ara mini, na ajiye masa. Ya ɗauka ya juya ta, ya shinshina. Ashe shi ma ɗan ƙauye ne ta wajen Tsaskiya, karatu ne ya fitar da shi.

“Kakata tana da irin wannan dogon,” ya ce. “Ban san inda nata ya tafi ba.”

Ya mayar mini da ita ya ce, “Rabin awa, da asuba, bayan kwana uku-uku, ƙaramin famfo kaɗai. Ranar da batura suka yi ƙasa ba zan tayar ba, kada ka zo mini da fuska. Kuma ka kai maganar gaban kwamiti da bakinka, ni ba zan rufa maka ba.”

A zaman kwamiti na sha surutu. Wani ya ce in aka bar wannan, baɗi kowa sai ya kawo dawa da maiwa. Na ce a rubuta fulotin a matsayin wurin adana iri, na amsa laifin rubuta “yana kan gyara” har sau uku, aka ja mini kunne a rubuce. Takardar tana cikin fayil ɗina har gobe, kuma ba ta taɓa hana ni barci ba.

Muna murna an wuce wannan, sai ga abin da ni da Baba duka ba mu lissafa ba. Geron ya tashi, ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi shi kaɗai cikin iska mai tsabta, yadda Baba ya so. To amma da yake babu wani hatsi tsaye a duk faɗin ƙasar, tsuntsayen Batsari da na Safana kaf sai suka ji labari. Da damina ɓarnar tsuntsun jan baki tana rabuwa a kan gonaki dubu. Yanzu gona ɗaya ce. Na zo wata safiya na tarar da Baba yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, yana buga gwangwani, muryarsa ta dushe, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Ya kora nan, su sauka can. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu. Da ya gan ni sai ya zauna a kan kunya, ya ce, “Malamin gona, na tsere wa mutane da shi, ga tsuntsu zai cinye.” Ranar na ga hawaye a idonsa, ni ma na juya baya.

Gwaggo Hajo ce ta fitar da mu. Ta ce tun da ba a iya rufe gona, a rufe kan gero. Ta bi matan garinsu da ke zaune a unguwanni, gida-gida, ta tara tsofaffin gidajen sauro da yagaggun mayafai. Akwai wata tela a bakin kasuwa da ta sa wa kekenta mota tun da wuta ta zauna, ita ta yi ta zuga masu dogayen jakunkuna kamar safa, yini biyu ba ta karɓi aikin kowa ba. Ranar Juma'a da hantsi mata sun fi ashirin a lambun, kowace tana sa wa zangarniya riga tana ɗaurewa da zare. Fulotin ya koma fari da shuɗi da ruwan ɗorawa, masu wucewa a hanya suna tsayawa kallo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba aikin ba ne, hirar ce. Matan nan sun shekara uku a gari ɗaya, amma ba su taɓa haɗuwa wuri guda haka ba. Suna ɗaurewa suna kiran sunayen gonakinsu, ta bakin rafi, ta gindin tsamiya, ta bayan makabarta. Wata ta ce ko rijiyarsu ta rufta yanzu. Wata ta ce ta bar kaza a kan ƙwai. Suka yi dariya. Wata tsohuwa ta kama zangarniya ɗaya ta kanga a hancinta ta daɗe ba ta sake ta ba. Ni da ban taɓa taka garin nasu ba, sai na ji ina kewarsa.

Sau biyu cikin Mayu batura suka yi ƙasa, Injiniya bai tayar da famfo ba, kamar yadda ya faɗa. Ban je masa da fuska ba. Muka ɗebo ruwa a jarkoki daga famfon gari, ni da babur, mata da kai. A na biyun sai ga Injiniya da kansa da jarka biyu a bayan motar aiki, ya sauke, ya juya.

Mun girbe saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka. Dami huɗu da rabi aka samu. Baba bai kai gida ba. A nan bakin tanki ya shimfiɗa tabarma, ya aika aka kira magidantan garinsu, har da waɗanda suka zo daga Runka da Safana a bayan a-kori-kura. Ya yi ta ƙirga zangarku yana miƙa wa kowa, yana cewa, “Ba na ci ba ne. Duk wanda ya riga komawa gida, ya shuka.” Wani ya sa hannu a aljihu, Baba ya daka masa harara, ya ce a garinsu ba a taɓa sayar da iri ba. Ya ba Injiniya uku, ya ba ni uku.

Da mutane suka watse, ya ce in fito da littafina in rubuta shi a layin rani mai zuwa.

Na ce, “Haba Baba, in Allah ya so kafin nan ai kun koma. Baɗi war haka kana gonarka ta tudu.”

Ya ce, “Allah ya sa. Rubuta ni dai.”

Na rubuta. Ranin da ya biyo ya shuka, wanda ya biyo bayansa ma ya shuka. A na ukun aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Safana, kuma ina can labari ya iske ni cewa Baba Ilu ya rasu a ɗakin nan nasu na haya, aka rufe shi a makabartar Batsari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Gwaggo Hajo ce ke riƙe da fulotin yanzu. Duk Fabrairu takan aiko mini da saƙo cewa sanyi ya saki, za su shuka, in na sami hali in zo. Ba kullum nake samu ba, kuma duk ranin da ban je ba sai in ji kamar na yi wa wani laifi. Ina kewar wurin nan, da ƙarar ƙaramin famfo da asuba, da dattijon da yake kallona yana girgiza kai.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za a tura ƙauyuka da fom a hannu, shi ne wannan. Fom ɗinmu yana tambayar manomi me zai shuka, ba ya tambayarsa don me. Ni na yi wata uku ina wuce mutum da littafi a hammata, ban taɓa zama kusa da shi na tambaya ba, kuma saura ƙiris in tuge abin da ba a sayo shi a ko'ina. In kuka ga manomi ya yi abin da ya saɓa wa takardarku, ku fara zama ku sha ruwansa kafin ku buɗe biro. Masu zuwa duba tashar sukan tambaye ni amfanin da ta yi wa jama'a, in lissafa masu asibiti da famfo da injin niƙa da ɗakin sanyi, kuma duk gaskiya ne. Amma a raina fuloti na ƙarshe nake gani, wanda ke jikin tanki.

Ɗan Tudu yana nan da rai, a rataye a ɗakunan haya a garuruwa uku. Har yau dai babu wanda ya koma ya shuka shi a tudun da aka ɗauko shi.